Tukunyar da Ta Yi Sauƙi

Ƙarfe goma na safe aka kira Sufeto Nengah Darmika: wani baƙo ya mutu a wurin nutso a garin Tulamben na bakin teku. Ya tarar da gawar a kan baƙaƙen duwatsun gaɓa, tukunyar iskar da masu nutso ke goyawa a gefenta.

Mamacin, Pak Hendarto, wato Malam Hendarto, ɗan birnin Surabaya ne, ƙato mai tumbi, ya zo hutu da matarsa.

"Babbar tukunya ya kama haya, mai lita sha biyar," in ji matar cikin kuka. "Ya san kansa, yana zuƙar iska da yawa. Sau biyu ya faɗa musu."

Sufeto ya juya tukunyar ya karanta kafaɗarta. Lita sha biyu. Baƙon da bai saba ba yaushe zai bambance? Ma'auni zai nuna masa a cike take, sai a ƙasan ruwa iska ta yanke.

Ya wuce shagon haya. Sudira, wanda ya yi wa mamacin jagora cikin ruwa, yana zaune ya haɗa kai da gwiwa.

"Me ya sa aka ba shi ƙarama?"

"Manyan duk sun fita, Pak."

"To, waccan ta bayan ƙofa fa? Kakarka ce?"

Babbar tukunya ce ta ƙarfe, a cike, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba.

Kafin Sudira ya buɗe baki, wata tsohuwa ta shigo da gammo a hannu. Men Sudira ce, wato uwar Sudira, ɗaya daga cikin matan da ke dakon tukwane a ka zuwa bakin ruwa.

"Ni ce, Pak. Biyu aka ajiye, na ɗauki wadda ba ita ba."

Ran Sufeto ya ɓaci. Ya daka mata tsawa a gaban jama'a, ya ce gangancinta ya kashe mutum, ya sa ɗan sanda ya tsare ta.

A gindin bishiya ya sami sauran 'yan dakon suna jiran layi. Ya gaya musu abin da ta ce, sai wata mai suna Luh Rasmin ta riƙe haɓa.

"Kuskure? Shekara talatin tana dako! Ko idonta a rufe, wuyanta zai gaya mata lita nawa ce. Kuma mu, Pak, ba ma taɓa kayan. Jagora ne ke ɗaura rigar nutso a jikin tukunya, mu namu ɗauka."

"Wuyan nata lafiya?"

"Ina fa lafiya! Likita ya ce ƙashin ya cinye, ta daina. Taurin kai ya hana ta. Yau kuma layinta ya faɗo a kan babbar."

Kunya ta rufe Sufeto. Tsohuwar sa'ar uwarsa ce, ya ci mata mutunci ba tare da ya yi tambaya ɗaya ba.

Ya koma shagon da tukunyar mamacin, ya kwance rigar daga jikinta, ya ajiye su a gaban tsohuwar.

"Meme," ya ce da ita, wato Inna, "ki yi haƙuri da tsawar ɗazu. Tunda ke kika musanya, ɗaura min wannan in gani."

Ta ɗauki maɗaurin tana jujjuya shi. Ta zura ta nan, ya zame. Ta zura ta can, ya kwance.

"Bari, Meme!" Sudira ya miƙe. "Don Allah ki bari! Pak, ni ne."

"Ina jin ka."

"Na ga babbar za ta hau kanta, zuciyata ta ƙi. Na ce in ba shi ƙarama, in fito da shi da wuri, ba wanda zai sani. Muna ƙasa wurin tsohon jirgin ruwan nan da ya nutse, tabarau ɗin nutso na wata baƙuwa ya cika da ruwa, na tsaya kanta. Ina waiwayowa iskarsa ta ƙare, ya yi sama a guje, tasowa da saurin nan kuwa kisa take."

"Da ka gaya masa fa?"

"Na ji tsoro ya kai ƙara wa mai shago, a ce uwata ta tsufa, a cire ta daga layi." Ya fashe da kuka. "Ni na kashe shi."

Tsohuwar ta kama hannun Sufeto.

"Ba ƙarya na yi maka duka ba. Ana ɗora min ita na san ba ita ba ce. Na ji ta yi sauƙi, na ji daɗi a raina, na yi shiru. Har gaisawa muka yi da mutumin a bakin ruwa."

Sufeto ya kasa kallonta. Ya rasa a wane layi na takardarsa zai rubuta wannan.

Aka sa wa Sudira ankwa. Sufeto ya ce a tafi da babbar tukunyar ofis don shaida. Kafin kowa ya motsa, Men Sudira ta ɗora gammo a ka ta durƙusa, kamar kullum.

"A'a, Meme," in ji Sufeto.

Ya sungumi tukunyar ya saɓa a kafaɗa. Taku hamsin ne kawai zuwa mota a kan duwatsun, amma sau biyu yana tsayawa ya huta. Sudira na gaba da ankwa, bai waiwayo ba.