Farar Ƙafar Yaya Khoa

"Mama, don Allah ki kashe wutar nan! Yana kallonki fa!"

"Ya kalla mana. Ai shi nake ƙona wa."

Ƙarfe biyar da rabi na safe, rana ba ta gama leƙowa daga teku ba, ga mahaifiyata a gaban rumfarmu da tsohuwar jarida tana ci da wuta, tana kaɗa ta a kan kujerar da Yaya Khoa ya tashi yanzu. Haka masu sana'a ke yi a nan Da Nang idan mai farar ƙafa ya fara taka musu rumfa, a ƙona takarda a kori tsiyar da ya bari.

Shi kuwa yana tsaye da silifas a hannu, yashi har ƙwauri, sai sunkuyawa yake yi.

"Ki yi haƙuri Mama..."

"Ban haife ka ba!"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Laifinsa ɗaya ne. Wata uku da suka wuce ya taso daga yawon bakin teku, ya zama mutum na farko da ya zauna mana. Ya ce a ba shi kofi da burodi, sai ya shafa gajeren wandonsa ya ji ko aljihu babu. Ya miƙe ya ba da haƙuri ya tafi bai sayi komai ba. Mai buɗe kasuwa ya tashi hannu rabbana! A ranar tukunyar romo ta kife, ruwan sama ya kore mana 'yan hutu.

Ni a ranar na fara sonsa. Mama a ranar ta sa masa ido.

Tun daga nan kullum da asuba muke takawa tare, daga wajen kwale-kwalen masunta masu kama da kwando zuwa hasumiyar masu ceton masu iyo mu dawo. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi a otal-otal, yana da haƙuri har ya yi yawa. Yau tsautsayi ya sa ya rako ni har rumfa, ya manta ya zauna kafin kowa.

Daga rumfar da ke jikin tamu Goggo Lieu ta leƙo. Ita ma kofi da taliyar shinkafa take sayarwa, shekara goma suna gaisawa da Mama da haƙora kawai.

"Ai na gaya miki, ƙawata. Yaron nan kurwarsa nauyi gare ta. Ni da 'yata ce..."

Ta bar maganar a nan tana girgiza kai.

Mama ta juyo kaina. "Kin ji ko, Diem? Kada ya sake zuwa sai mutum goma sun ci sun tashi. Zancen aure kuwa kada in ji shi ko a mafarki."

Washegari muna dawowa, Tram 'yar Goggo Lieu ta tare mu, da jan baki tun asubar fari.

"Yaya Khoa, zo ka sha kofi a wajenmu mana. Mu ba ma korar mutane."

Na dube shi. Ya dube ni.

"Ba daɗi in ƙi, rabin raina... babba ce ta aiko."

"To je ka! Ka sha har da kofin!"

Kuma ya tafi! Namiji har namiji, ya je ya naɗe a 'yar kujerar roba yana jiran kofi ya gama ɗiga daga matata, Tram na yi masa fifita. Na yanka burodi har na kusa haɗawa da yatsana.

Kwana goma ana haka. Rumfar Goggo Lieu ta cika ta batse, har a kan yashi ake jera kujeru. Tamu kuwa sai tsofaffi biyu masu motsa jiki da ke raba kofi ɗaya.

Rana ta sha ɗaya Khoa ya makara, ni kaɗai na yi yawona na dawo cike da haushi. Sai ga wasu baƙi su shida da jakunkuna sun nufi rumfar Goggo Lieu.

"Ba mu buɗe ba! Ba mu buɗe ba!" Ta tare ƙofa da hannu biyu, ga romo na tafasa a bayanta.

Mama ta ajiye ludayi.

Baƙin suka wuce. Can sai ga Khoa da gudu. Kafin ya gaida kowa Goggo Lieu ta cafke shi ta zaunar, ta dangwara masa kofi. Yana kurɓa ta ɗaga murya, "Bismillanku jama'a, an buɗe!"

Mama ta bi Goggo Lieu da kallo. Sannan a hankali ta ce, "Munafuka. Ashe ƙafarsa alheri ce, sace min shi ta yi."

Kashegari abin da na gani ba zan manta ba. Muna cikin tafiya a bakin ruwa, yana riƙe da hannuna, sai ga Mama ta keto yashi da tsumman girki a kafaɗa. Ta damƙi hannunsa na dama.

"Ɗana! Ina ka shige kwana biyu?"

Kafin ya buɗe baki Goggo Lieu ta iso tana haki, ta kama na hagu.

"Sake shi! Ke ba kin ƙona masa takarda ba?"

"Sauro nake kora!"

Wannan ta ja, wannan ta ja. Matan da ke rawar motsa jiki suka kashe rediyonsu suka zuba ido. Shi kuwa gogan sai cewa yake, "Ku bi a hankali, kada ku faɗi..."

Mama ce ta yi nasara, don ta fi ƙiba.

Sati uku yana buɗe mana kasuwa, kuma ko sa'a ce ko lokacin hutu ne ya kama, kujeru suka cika. Mama ta riƙa zuba masa madara ninki biyu. Na ce shi ke nan, wahala ta ƙare. Ranar wata Asabar ya gyara zama ya ce, "Mama, iyayena na son su kawo goro da kayan gaisuwa, a yi maganar Diem."

"A'a."

Kofin da ke hannuna ya kusa suɓucewa. "A'a kuma?! Mama, ba kin ce ƙafarsa alheri ce ba?"

"Shi ya sa. Ɗan gida ba ya buɗe kasuwa, kowa ya sani. In ya zama surukina wa zai yi min cinikin fari?"

"Da yana da tsiya kin hana, yanzu yana da arziki kin hana! To yaya kike so ya zama?"

"Yadda yake ɗin nan ya yi min."

Na kalli Khoa ina jiran ya yi magana. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Mama."

To, Mama!

Da asuba ban bari ya taɓa hannuna ba.

"Haba hasken idona..."

"Kada ka hasken idona ni! Kai mutum ne ko laya? Wannan ta rataya ka, waccan ta rataya ka, kai kuma sai godiya!"

"Mahaifiyarki ce, Diem. Ya zan yi?"

"Ban sani ba. Amma na gaji. Ina sonka har ina jin haushin kaina, kuma ba zan tsufa ina miƙa maka kofi kamar baƙo ba. In ciniki ka zo yi, ka yi ka tafi."

Na bar shi tsaye ruwa na dukan ƙafarsa. Ina tafe ina kuka, kukan ma haushi yake ba ni.

Mama ta goge masa kujerarsa ta ajiye. Biyar da rabi ta yi, ga shi nan tafe. Ya wuce kujerar. Ya zagaya ta bayan teburi, inda ba mai shiga sai ni da ita, ya ɗauki mafici ya tsuguna gaban gawayi ya fara gasa burodi.

"Kai! Fito ka zauna!"

"Na daina saye, Mama." Bai ɗago ba. "Nan ko can, ba zan ƙara buɗe wa kowa kasuwa ba."

"Ɗana, ga kujera a nan!" Goggo Lieu ta ƙwala daga rumfarta.

Ko waiwaye bai yi ba.

Mutum biyu suka leƙo, suka ga fuskar Mama, suka yi gaba. Ta bi su da kallo.

"Ka san me ake nufi da kujeru babu kowa?" ta ce. "Da rumfar nan na rufe mijina, da ita na raini yarinyar nan. Ina jin tsoro, yaro. Kullum da tsoro nake kunna wutar nan."

"Na sani, Mama. Ban iya kawo sa'a ba, ban taɓa iyawa ba. Amma ranar da aka cika ina nan, ranar da babu kowa ma ina nan. Ni zan kwashe kujerun."

Ya ci gaba da fifita gawayi.

Mama ta daɗe tana kallon bayansa. Ta ja tsumman kafaɗarta ta share ido.

"Shekara takwas," ta ce, "namiji bai tsaya ta wannan ɓangaren ba."

Sai ƙaurin burodi ya tashi.

"Juya shi, sakarai, kana ƙona min burodi!"

Ya yi wuf ya juya, har ya ƙone yatsa.

"Ka ce wa iyayenka su zo ranar Lahadi." Ta ɗauki ludayinta ta juya mana baya. "Amma sai bayan ƙarfe goma. Kada su tare min kujeru."