Tsagar da Ta Haɗiye Barau

Ku matso, ku rage fitilar nan. Kai Talle, daina dariya, ba tatsuniya zan yi ba.

Kun san hanyar da ta hau Dutsen Kwarangi, inda duwatsu suka hau kan juna, ja kan fari, fari kan baƙi, kamar an ninke zannuwa? Can Barau yake sassaƙa dutsen niƙa. Masu sana'ar suna da ƙa'ida: ka fara ƙwanƙwasa dutse. In ya yi ƙara kamar tasa, da masu shi a ciki, ka bar shi. Barau kuwa, taurin kai! Ya ji ƙarar sarai, ya ɗora guduma.

Kwana uku bai sauko ba. Maza suka nema har suka gaji. Ran na huɗu uwarsa Kuluwa ta ci ɗamara ta hau ita kaɗai, ko maƙwabciya ba ta gaya wa ba.

Rana tsaka ta iso wani ƙaton dutse da ya tsage biyu. Ga gudumar ɗanta a ƙasa. Ga wani tsoho zaune a bakin tsagar. Rana na dukansa, amma ba shi da inuwa.

Ta yi sallama. Bakinsa bai motsa ba. Amsar daga cikin dutse ta fito.

"Ɗanki ya fasa mana ɗaki."

"A yi haƙuri, Baba. Ƙuruciya ce."

"Yana ciki. Kira shi da sunansa ya fito. Kafin inuwar dutse ta taɓa gudumar nan."

Wayyo Allah! Barau ɗan fari ne. Shekara talatin Kuluwa ba ta taɓa furta sunan nan ba, saboda kunya. Ta buɗe baki, harshe ya yi nauyi.

"Kai wannan, fito!"

Ta matsa bakin tsagar, ta sake kira.

"Mai dutse! Yaron nan!"

Can ciki ta jiyo shi, murya siririya: "Inna, ki faɗa mana. Inna!"

Ta runtse ido. "Ba..."

Inuwa ta hau guduma. Dutsen ya haɗe ruf. Tsoho ya ɓace. Inda tsagar take, sai farin layi siriri ya rage a jikin baƙin dutse.

Shekara tara ta yi bayan nan tana yawo a gari, kasuwa da bakin rijiya, tana kiran "Barau! Barau!" da ƙarfi. Matan da suka yi ta yabon kunyarta, su ne suka fara cewa ta haukace. Wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Da wani ya raka ta ranar, da ya kira mata sunan. Don haka kada in ji waninku ya hau hanyar nan shi kaɗai.