Wanda Nazifi Ya Tasa Daga Barci

Ƙawata Lantana, matso kusa, ki rage fitilar. Ki yi bisimilla tukuna.

Nazifi ɗan yayata ne, ma'aikacin jinya. Bara aka tura shi koyon aiki a sashen masu fama da rashin barci, inda ba a fara ba mutum ƙwaya, sai a gyara masa ɗabi'a. Kada ka kwanta sai barci ya zo. Ka tashi lokaci guda kullum. Barcin rana kuwa, a bar shi sam, don shi ke cinye na dare. Nazifi ya haddace duka, har yana yi mana wa'azi da su a gida.

Malamarsa, Dakta Rabi, ta hana shi ganin kowa shi kaɗai. Wata Talata ta tafi taro. Sai ga wani tsoho ya shigo, babu kati, babu ɗan rakiya. Rigarsa na jan ƙasa. Ya ce idonsa bai taɓa rufuwa da dare ba. Muryar kamar daga cikin rijiya take fitowa. Son ya gwada iliminsa ya rinjayi Nazifi. Bai yi wata tambaya ba, ya zayyano masa dokoki, ya sallame shi.

Washegari, rana tsaka, ya bi ta bayan asibitin zai je masallaci. Babu kowa. Ko tsuntsu ba ya kuka. Ga tsohon kwance gindin tsamiya, yana minshari. Nazifi ya tsuguna ya girgiza kafaɗarsa.

"Baba, tashi. Ba na hana ka barcin rana ba?"

Rigar ta zame. Ƙafafun kofato ne.

Hannu ɗaya tsohon ya sa ya shaƙe shi, ya ɗaga shi sama, ya maka shi da jikin bishiyar. Nazifi ya ji haƙarƙarinsa ya karye. Ya buɗe baki zai yi salati, jini ya cika bakin. Aka sake ɗaga shi, aka buga da ƙasa, aka taka masa hannu har ƙashi ya fito.

"Ka tambaye ni aikin da nake da dare?" in ji tsohon, a hankali. "Mu dare ne ranarmu. Yanzu ne darena. Magani na zo nema, ka raba ni da ɗan abin da ya rage mini."

Ya sa farce ya buɗe masa idon hagu, ya tofa wani abu mai zafi kamar barkono.

Allah ne ya kawo Dakta Rabi, ta fito nemansa. Ba ta ga kowa ba sai Nazifi yana birgima cikin jini. Ta kama ƙafafunsa ta ja shi har bakin hanya, tana karanta Ayatul Kursiyyu.

Ƙasusuwan sun haɗe. Idon ne bai sake rufuwa ba. Na dama ya yi barci, na hagu yana buɗe, yana bin abin da mu ba ma gani. Matarsa kan ɗora masa jiƙaƙƙen ƙyalle, da asuba ta tarar ya bushe ƙamas.

Kada ki bar yaranki su bi bayan asibitin nan da rana tsaka su kaɗai. Kuma don Allah, Lantana, maganar ta tsaya tsakaninmu. Uwarsa har yau haɗarin babur ta sani.