Kurkum a Fuskar Lantana

"Wannan miya ce, ko ruwan da kika wanke tukunya?" Kabo tela ya ture akushin gefe.

Lantana, matarsa, ta durƙusa ta janye. "Malam, likita ne ya hana gishiri da kanwa. Ni ma ita nake sha."

A shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano ne ciwo ya kayar da Kabo, mutumin da duk Gyaɗi-Gyaɗi ba wanda ya kai shi iya karya hula, a faɗarsa. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya gagara. Ƙanensa Ya'u, saurayi ma'aikacin kanti da ke zaune a Tarauni, ya goya shi a keke zuwa asibiti. Likita ya ce zuciya ce ta gaji. Ya yi masa allura mai sa fitsari, ya ba shi ƙwayoyi a kwalba, ɗaya kowace safiya, ya ce ya kwanta ya huta.

Magani ya sauke kumburi, amma ya tafi da cin abinci. Tashin zuciya safe da yamma, buta kuwa ba ta hutawa. Yana kwance a ɗaki mai duhu, kullum da la'asar sai ya ji ƙararrawar keken Ya'u ya kawo cefane, ya ji Lantana tana yi masa sannu, har da dariya. A yi wa namiji adalci mana, wa zai ji wannan dariyar yana kwance ya iya barci? Sai Kabo ya yanke shawara a ɓoye: in ƙwaya ɗaya tana warkarwa a hankali, ai biyu za su yi sauri.

Wata rana da hantsi Lantana ta ɗaga asabari, haske ya sauka a fuskarta. Kabo ya zaro ido. Fuskar nan ta koma rawaya, har wuya, har hannuwa, irin ta amaryar da aka kwana uku ana murza wa kurkum.

"Wa ya sayo miki kurkum?"

"Kurkum kuma? Rabona da shi tun bikinmu."

"To bikin wa kike shiri yanzu?"

Ta tsaya da ƙwarya a hannu tana kallonsa.

Ya aika aka kira Goggo Dudu, ƙanwar babansa da ta raine shi, wadda tun farko ta ce kyan Lantana ya yi wa matar tela yawa. Ta zauna a lungun ɗaki ta saurare shi har ƙarshe.

"Idona ba ya gani sosai," in ji Goggo, "amma tun daga zaure hancina ya jiyo ƙamshi. Ɗan nan, ta riga ta yi maka takaba a zuciyarta. Kuma ba nesa za ta je ba — wa ke kawo cefane?"

"Goggo, ki ji tsoron Allah." Hawaye ya zubo wa Lantana. "Ga ruwa, ga soso, ki wanke ni da hannunki."

"Ai kurkum mai kyau ba ya fita da soso."

Lantana ta juya wajen mijinta. "Malam, ni da nake kwana riƙe maka kasko kana amai?"

Kabo ya juyar da fuskarsa bango. Yana sonta, shi ya sa abin yake cinsa. "Gara in sake ki da raina, da a gaje ki ina kabari."

Washegari Goggo ta kira Liman ya zama shaida, ta sa aka kira Ya'u don ya ji kunya a gaban mutane. Kabo ya ce ba zai yi saki a kwance kamar gawa ba. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya karya hula, ya dafa bango ya fito tsakar gida, karon farko tun da ya kwanta.

"Liman, ka shaida, ni Kabo…"

Sai idonsa ya sauka a kan Liman. Gemun Liman, fari fat tun Kabo yana yaro, ya koma rawaya. Ya dubi rigarsa, rawaya. Farar akuyar da ke ɗaure a turke, rawaya. Ya waiwaya a hankali ya dubi Goggo Dudu daga mayafi har ƙafa.

"Goggo, ke ma aure za ki yi?"

"Kai, ɗan nema, ni?"

"To wa ya shafa wa Liman kurkum a gemu?"

Liman ya kama gemunsa yana salati. Kabo ya yi luuu zai faɗi, Lantana ce ta riga kowa tare shi.

"Malam, kwalbar nan ta yi saurin ƙarewa. Faɗa mini gaskiya."

"Bibbiyu nake sha," ya ce cikin raɗa. "Don in tashi in karɓi cefanena."

"Sori, Yaya," in ji Ya'u, yana juya keke, "faɗan ya jira. Hau ka riƙe ni da kyau."

Haka Kabo ya ratsa gari rungume da ƙugun wanda yake zargi. Likita ya ce maganin ne ya yi wa jikinsa yawa, shi ke sa ganin rawaya, kuma da an ƙara kwanaki da zuciyar ta tsaya. Ya dakatar da ƙwayar na ɗan lokaci, sannan ya mayar da shi kan ɗaya, ya damƙa kwalbar a hannun Lantana. Goggo Dudu kuwa ta koma gida tana cewa ita dama ta faɗa idonta ba ya gani.

Ranar da idon Kabo ya washe, Lantana ta shigo, ya ƙura mata ido. Ashe ta rame, ƙashin wuya ya fito, ƙasan idonta ya yi baƙi.

"Lantana, namiji irina ba ya roƙo. Amma in da yana yi…"

"Na yafe, Malam. Buɗe bakinka. Ɗaya."

Ya buɗe.

Masu karatu, magani ba a yi masa gaggawa, kuma duk abin da ya sauya a jiki a gaya wa likita kafin a gaya wa dangi. Mai kishi ya fara binciken idonsa kafin ya tuhumi fuskar masoyinsa. Haƙurin Lantana ya riƙe mata aurenta, ya riƙe wa Kabo ransa.