Ranar Da Aka Kai Khaula Bakin Kogi

Wata ta san kanta. Ita ce ta fara buɗe baki a gidan suna, hannunta dumu-dumu da man waina, ta dubi yarinyar da ba ta tare mata komai ba ta ce, "Anya wannan mutum ce?" Ba zan kama sunanta ba, kuma ba don tsoronta nake ji ba. Amma maganar nan tata ta bi gida-gida a Toranke har ta shiga gidan Inna Hajo ta samu wurin zama, ta kusa cin rai.

Yarinyar Khaula ce, shekararta shida, 'yar farin Ɗayyabu mai Keke Napep da matarsa Yagana. Ba ta magana, ba ta kallon idon mutum. In aka tada injin niƙa a maƙota sai ta toshe kunnuwa ta dinga buga goshi da bango. Ba ta shan komai sai kunun gyaɗa, shi ma a shuɗin kofinta. Ga farfaɗiya da ke kayar da ita ba sallama. Abu ɗaya take so a duniya, ruwa. Sai ta wuni a gindin randa tana tsiyaya shi daga kofi zuwa moɗa tana dariya ita kaɗai.

A nan Inna Hajo, uwar Ɗayyabu, ta same ta wata safiya, ta tafa hannu.

"Kin gani ko? Kin gani da idonki! Wane ɗan mutum ne zai wuni yana hira da ruwa?"

Yagana ta ɗago daga wankin zanen da Khaula ta ɓata. "Inna, likita ya ce galahanga ce, larurar ƙwaƙwalwa, masu irinta da yawa haka suke da son ruwa. Ya ma ce kada a kuskura..."

"Likita! Likitan ne ya haifa min Ɗayyabu? A danginmu kaf babu mai wannan abu. Ku dai da kuka taso daga gabas, Allah kaɗai ya san abin da kuka kwaso."

Hure, ƙanwar Ɗayyabu, tana kan tabarma tana danna waya, ta ce, "Matar Yaya, ki daina ba kanki tenshin da fayil-fayil ɗin asibiti. Da kina da cikinta ba a hana ki wanki a bakin kogi da tsakar rana ba? Kika ƙi ji. Musanya aka yi miki, 'yar ruwa ce, kowa ya sani."

Yagana ta jefar da zanen cikin baho. Inna tana iya cin albarkacin furfura, amma ba Hure ba.

"Ke Hure, ki kiyaye ni! Ranar da ta faɗi a tsakar gidan nan wa ya tsallake katanga da gudu wai kar kumfar bakinta ta taɓa shi? Ni na ɗauki cikinta wata tara, ni nake wanke ta, ni zan faɗi ko wace ce!"

"Ji rashin kunya!" in ji Inna Hajo. "A kan 'yar fari kike wannan haƙilo? Mu a nan ko sunan ɗan fari ba a kamawa."

Da Ɗayyabu ya dawo cin abincin rana Yagana ta zayyana masa komai. Wannan fa mutumin ne da ya yi wata uku yana ajiye kekensa a ƙofar shagon babanta a Gaya, yana sayen kanwar da ba ya buƙata don kawai ya gan ta. Shi ne ya rantse mata cewa muddin yana numfashi ba mai sa ta kuka a gidansu. Yau ga shi yana juya loma cikin miya, ya kasa haɗa ido da ita.

"Malam, magana nake."

"Na ji. Uwata ce, Yagana. Me kike so in ce mata?"

"Ka ce mata 'yarka ce. Kalma biyu."

Bai ce ba. Yana son Khaula, wannan Yagana ba ta shakka. In sun shiga ɗaki yakan miƙa mata tafin hannu ta dinga bugawa sau uku-uku, gaisuwarsu ke nan. Amma a gaban Inna ko kallonta ba ya yi, wai kunyar 'yar fari. Ko asibitin Kano da suke zuwa, a waje yake tsayawa gadin keke, bai taɓa jin bayanin likita da kunnensa ba.

Ga wanda bai sani ba, ga yadda masu ɗanyen aikin gwada ɗan ruwa suke yi. A daka gumba, a naɗe yaro da farin ƙyalle, a ajiye shi a bakin kogi, kowa ya juya baya, kuma kada wanda ya waiwaya. Wai in ɗan ruwa ne zai koma wurin iyayensa na ainihi, in mutum ne zai zauna yana kuka. Ku ji hauka! Jaririn da ke rarrafe ma ai ruwan zai nufa.

Ranar Talata maganin farfaɗiya ya kusa ƙarewa. Hayaniyar tasha tana birkita Khaula, don haka Yagana takan bar ta da ubanta in za ta Gaya karɓo magani. Ranar har Inna Hajo ce ta ce mata, "Je ki abinki, a dawo lafiya." Wannan taushin bakin ya tsaya mata a rai, amma ta hau acaɓa. Sun yi nisa kaɗan ta laluba jaka, babu katin asibiti. Ta ce da ɗan acaɓan su koma.

Keke ba ya ƙofar gida. Turmi na tsakar gida da ragowar gumba a cikinsa. Shuɗin kofi kuwa yana yashe a ƙasa, kofin da Khaula ba ta zuwa ko banɗaki sai da shi.

"Hure, ina 'yata?"

"Oho."

Yagana ta fizge wayar hannunta ta ɗaga ta a kan bakin rijiya. "Ina 'yata?"

"Ke, sabuwa ce fa! Sun tafi kogi! Inna ta ce in Yaya ya ƙi ba ta yafe masa nonon da ya sha ba. Kuma ai gwaji ne kawai, in mutum ce za a dawo miki da..."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta suri kofin, ko mayafi ba ta gyara ba, ta haye bayan mashin. "Kogi! Don girman Allah ka taka!"

Ƙarshen damina ne, kogi ya cika ya yi ja. Tun daga kan tudu ta hango su. Inna Hajo da wasu tsofaffi biyu sun juya baya suna tafiya, Ɗayyabu na tsaye ƙiƙam a bayansu, ƙeyarsa ga ruwa, ya runtse ido yana jiran kukan da zai rufe bakin mutane. Kuka bai zo ba. Dariya ce ta zo. Khaula ta ture ƙwaryar gumba, ta yar da farin ƙyallen, tana tafiya cikin ruwa da murnarta, ya kai mata gwiwa, ya kai mata ƙugu.

Tsakanin Yagana da ita akwai gonar gyaɗa guda, ba za ta isa ba. Shekara takwas da aure ba ta taɓa kiran mijinta da sunansa ba, amma ranar ta buɗe maƙogwaro har tsuntsaye suka tashi.

"Ɗayyabu! Waiwaya!"

"Kada ka waiwaya!" Inna Hajo ta daka masa tsawa. "Ka waiwaya ban yafe ba!"

"Ɗayyabu, ba ta iya ruwa ba! 'Yarka ce!"

Ya waiwaya. Daidai lokacin jikin Khaula ya sandare, farfaɗiyar ta buge ta, ta kifa. Ya yi wata ƙara da Yagana ba ta taɓa jin irinta a bakin namiji ba, ya faɗa kogin da riga da takalmi. Ruwa ya ja su har gindin wata giyayya kafin ya kamo rigarta, ya dafe saiwa, ya fito da ita a kafaɗa.

Yagana ta karɓe ta ta kwantar da ita a kan gefenta yadda nas ta koya mata. Wata tsohuwa ta ce a cusa mata tsinke a baki, Yagana ta make hannunta. Yarinyar ta yi ta amayar da ruwa, jijjigar ta lafa, ta ja numfashi. Can ta buɗe ido, ta ga shuɗin kofi a hannun uwarta ta karɓe abinta.

"Kun dai gani," in ji Inna Hajo. "Da ƙafarta ta shiga. Da ka bari da mun ga..."

"Da mun ga gawa, Inna!" Ɗayyabu ya ce, hawaye da ruwan kogi sun haɗe a fuskarsa. "'Yar ruwa ce ruwa zai shaƙe? Ni na ɗauko ta, ni na ajiye ta, da ni za a tambaya gobe ƙiyama, ba ke ba. Zan bi ki a komai, ci da sha da suturarki suna wuyana har in mutu, amma ban da wannan." Ya sunkuya ya ɗauki yarinyar a gaban tsofaffin nan, ya rungume ta. "Sunanta Khaula. Khaula Ɗayyabu. Wanda bai ji ba in maimaita."

Kada ku zaci Yagana ta faɗa jikinsa tana murna. Daga asibitin da aka kai Khaula gidan ubanta ta wuce da ita a Gaya, ta yi wata biyu ko gaisuwarsa ba ta amsawa. Kullum sai ya zo ya ajiye keke a ƙofar shagon kanwa kamar da. Ranar da ta fito ta ce masa, "Sharaɗi biyu. Ba zan koma gidan da ake daka wa 'yata gumba ba. Kuma ɗakin likita tare za mu dinga shiga."

Ya kama musu haya a Gaya, nesa da injin niƙa, ya yi wa rijiya murfi da kwaɗo. Yanzu shi ke ba da maganin safe, ita ta ba da na yamma, faɗuwar ta ragu ƙwarai. Har yau Khaula ba ta magana, ba kuma zan yi muku ƙaryar ta warke ba. Amma ta koyi miƙa kofi in tana jin yunwa, ta koyi jan hannun uwarta zuwa banɗaki, kuma in ta ji ƙarar keken ubanta ita ke fara isa zaure.

Inna Hajo sai da ta shekara kafin ta taka gidan. Ta zo da ƙullin gyaɗa ɓararriya, ta zauna a bakin ƙofa. Khaula ta zagaya ta sau biyu, ta kama tafin hannunta ta buga sau uku. Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Yagana ta shiga madafi ta ɗora kunu, ta zuba wa Inna nata.

Haƙuri ya yi wa Yagana rana, amma ku lura da irin haƙurin. Ta jure wanki da gori da baƙar magana, ba ta jure a taɓa ran 'yarta ba. Biyayya ga iyaye wajibi ce, sai dai ta tsaya a inda saɓon Allah ya fara. Yaro mai galahanga ba aljani ba ne, ba musanya ba ne, amana ce mai nauyi da take buƙatar magani da hannu biyu.

Waccan ta gidan suna kuwa har yanzu tana yawo da bakinta. Kuma ke da kike karanta wannan kina tsine mata, kai ma da kake girgiza kai, ku faɗa min tsakaninku da Allah: ba ku taɓa ganin irin Khaula a unguwarku kun janye ɗanku daga kusa da ita ba? Ba ku taɓa jin an ce "anya mutum ce" kun yi shiru ba? In kun isa ku ce ƙarya nake.