Kwalbar Bikin Milutin

Ni Radivoje ban taɓa shiga aji ba, amma duk ƙasar Sabiya babu wanda ya kai ni sanin tsohuwar kwalba. Yaƙi bai kashe ni ba, yunwa ma ta gwada ta haƙura.

Ran nan na koma kufan ƙauyenmu haƙa. A wajenmu in an haifi namiji, uba yakan binne kwalbar barasa, sai ranar aurensa a tono. Duhu na rufawa na ci karo da wata koriya a bayan gidanmu, bakinta liƙe da kakin zuma. Na san dillalai za su yi rububinta.

Sai na ji warin laka. Ga wani saurayi tsaye, kayan sojansa na ɗigar ruwa, kuma ƙasar da na tono ba ta lotsa ƙarƙashin ƙafarsa ba.

"Tsoho, ajiye ta, da mai ita."

"Kai yaro, kama gabanka! Ta ƙanena Milutin ce, kogi ya tafi da shi tun lokacin yaƙi."

Ya yi murmushi, na ga wushiryar nan ta Milutin.

"Yaya Radivoje, har ka tono ta? Ashe gobe ne bikina?"