Tsohuwar da Na'urar Nafi'u Ta Yi Wa Shiru

Aikin Nafi'u shi ne karanta saƙon wata na'ura da ke kan tauraron ɗan'adam, mai ƙirga ƙwayoyin haske da ke zubowa daga sararin samaniya. Tun da aka binne matarsa, aikin kawai yake yi, ba ya jin daɗi, ba ya jin zafi.

Ran nan bayan magariba ya baro Kazaure zai je Roni gaida mahaifiyarsa. A kujerar gefensa akwai ƙaramar irin na'urar, tana ƙyas-ƙyas duk sanda ƙwaya ta ratsa ta. Ko cikin ɗaki ba ta taɓa yin shiru ba.

Wajen duwatsu wata tsohuwa mai baƙin mayafi ta ɗaga masa hannu. Ya tsaya, ta shiga baya. Ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi ya cika motar, alhali rani ne. Sai na'urar ta ɗauke.

"Ɗan nan, kai ne mai ƙirga masu saukowa?"

"Ni ne, Iya."

"Ba dukanmu ne ke son a ƙirga mu ba."

Muryar daga nesa take zuwa, kamar daga saman rufin motar. Nafi'u ya nemi tsoro a ransa, bai samu ba. Ya taka birki a hankali, ya kunna fitilar ciki, ya waiwaya.

Cikin mayafin babu fuska, sai duhu mai zurfi da taurari jefi-jefi.